Yadda Ake Rubuta Soyayya a Fanfik ɗin Anime Ba Tare da An Sauya wa Tauraro Hali Ba

Mai karanta fanfik, wato labarin da masoya ke rubutawa a kan taurarin wani labari da aka riga aka sani, ba baƙo ba ne. Kafin ya buɗe labarinka ya riga ya shafe watanni, wani ma shekaru, tare da mutanen da kake rubutu a kansu. Ya san yadda suke fushi, ya san abin da ke ba su kunya, ya san maganar da ko da wuƙa a wuya ba za ta fita daga bakinsu ba. Zai iya yafe maka kuskuren rubutu, ya yafe maka jinkirin sabon babi. Amma da zarar ya ga mutumin da bai taɓa sakar wa kowa fuska ba yana zuba kalaman bege tun a shafi na uku, sai ya rufe ya kama gabansa. Masu harkar suna kiran wannan OOC, wato tauraro ya fita daga halinsa, kuma babu inda marubuta suka fi faɗawa cikinsa kamar labarin soyayya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Yawancin anime, wato finafinan zane na Japan, da aka fi yi wa fanfik na faɗa ne da gasa da ceton duniya, mawallafansu ba su tsaya kan soyayya ba. Marubuci sai ya tarar da giɓi, ya rasa abin cikewa, ya ɗauko soyayyar da ya saba karantawa a wasu labaran ya juye a ciki. Suna na tauraron ne, kamanni nasa ne, amma mai maganar wani ne daban. Ga yadda za ka kauce wa wannan, daki-daki.

Mataki na 1: Tsayar da wanda kake nufi, kuma na wane lokaci

Tauraron dogon labari ba mutum ɗaya ba ne daga farko zuwa ƙarshe. Mangar Naruto (manga ita ce labarin zane na Japan a littafi) ta Masashi Kishimoto ta fara fita a 1999 ta ƙare a 2014, babi 700. Sasuke na farkon labarin yaro ne mai ƙullin ɗaukar fansa wanda ya fara sabawa da abokan tafiyarsa ba da son ransa ba. Na tsakiya ya yanke kowa. Na ƙarshe mutum ne mai ɗauke da nauyin laifinsa. Idan ka ce kana rubutu a kan Sasuke ba ka faɗi komai ba tukuna, sai ka ce na wane babi. Rubuta wa kanka jimla ɗaya a saman takarda: labarina ya fara ne bayan abu kaza ya faru, kafin abu kaza. Duk abin da tauraron bai koya ba a wannan lokacin, bai san shi ba a labarinka.

Sannan ka zaɓi tushe guda. Fullmetal Alchemist yana da anime biyu: na 2003 ya rabu da manga ya bi tasa hanyar, na 2009 ya bi mangar Hiromu Arakawa har ƙarshe. Wanda ya gauraya su ba tare da ya sani ba zai sa mutum ya tuna abin da bai faru da shi ba. Haka ma cikon da kamfanonin anime ke ƙarawa don jiran manga ta yi nisa: wasu masu karatu suna lissafa shi, wasu ba sa yi. Ka yanke shawara tun yanzu, ka tsaya a kai.

A nan ne kuma za ka duba shekaru. Da yawa daga cikin taurarin anime 'yan makaranta ne. Idan ɗan shekara 14 kake rubutawa, soyayyarsa ta ɗan shekara 14 ce: kunya, sata kallo, rasa abin faɗa, iyakarta ke nan. In labarin manya kake so, ɗauki manya, ko ka kai labarin lokacin da asalin labari ya nuna sun girma.

Mataki na 2: Koma ka sake kallo, da biro a hannu

Wannan shi ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne gindin komai. Abin da ka riƙe a ka game da tauraro yawanci ba daga anime ya zo ba, daga fanfik ɗin wasu ya zo, da zane-zanen masoya, da barkwancin da ke yawo. A hankali jama'a ke ƙera wa tauraro wani hali na biyu, kowa yana kwafa daga na gabansa, har a manta cewa a asali sau ɗaya tak ya taɓa yin abin.

Zaɓi fitowa biyar ko shida: inda ya yi fushi, inda ya sha kaye, inda aka yi masa alheri, inda wani nasa ya shiga haɗari, da wata fitowa ta zaman banza da babu abin da ke faruwa. A kowacce rubuta abin da ya yi da abin da ya faɗa, ban da abin da kake zaton yana ji. Kada ka rubuta "yana da girman kai". Rubuta "an miƙo masa hannu ya ƙi kamawa, ya miƙe da kansa". Siffa kowa ma za a iya liƙa masa, aiki kuwa nasa ne shi kaɗai.

Daga cikin abin da ka tara, nemi amsar tambaya ɗaya: wannan mutumin, idan ya damu da wani, me yake yi? Kowane tauraro da aka gina da kyau yana da amsa, ko da bai taɓa soyayya a allo ba, domin yana da ƙane ko malami ko abokin yaƙi. Vegeta na Dragon Ball ya rungumi ɗansa Trunks a gab da zai sadaukar da ransa a faɗa da Majin Buu, bayan ya amsa da bakinsa cewa tun yaron yana jariri bai rungume shi ba, sannan ya buge shi ya suma don a ɗauke shi daga wurin. Dubi tsadar wannan runguma guda. Idan a labarinka Vegeta yana rabon runguma kowace safiya, ka zubar da darajar abin da Akira Toriyama ya daɗe yana tarawa. Haka Sasuke a babi na 699: da zai yi wa abokiyar tafiyarsa Sakura sallama, goshinta ya dungura da yatsu biyu, irin yadda yayansa Itachi ya saba yi masa. Babu doguwar magana, amma duk wanda ya bi labarin ya san babu abin da ya fi wannan girma a wurinsa.

Abin da ka gano a nan shi ne harshen soyayyar tauraronka. Da shi za ka rubuta labarin gaba ɗaya. Mai nuna kulawa ta hanyar faɗa zai ci gaba da faɗa, sai dai faɗan ya koma kan me ya sa ba ki ci abinci ba. Mai nuna ta da aiki zai gyara abin da ya lalace ya tafi ba tare da ya ce shi ya gyara ba.

Wani lokaci binciken zai gaya maka abin da ba ka so. Luffy na One Piece, wanda Eiichiro Oda ke zanawa tun 1997, Boa Hancock ta nuna masa so ƙarara har da zancen aure, ya ce ba zai aure ta ba, hankalinsa na kan nama da teku da abokan jirginsa. Ba haramun ba ne ka rubuta masa soyayya, amma ka san cewa hawan dutse ka ɗauko, kuma rabin labarin zai tafi ne wajen sa shi ya gane menene ma abin.

Mataki na 3: Kama bakinsa

Harshen Japananci yana nuna hali tun daga yadda mutum ke cewa "ni". Edward Elric na Fullmetal Alchemist yana cewa ore, mai ɗan kaushi, ƙanensa Alphonse yana cewa boku, mai taushi. Ba za ka iya kawo wannan bambanci kai tsaye ba, amma za ka iya kawo nauyinsa: ɗaya gajerun jimloli da gatse, ɗaya lallashi da neman uzuri.

Abin da ya fi wannan amfani ga mai rubuta soyayya shi ne yadda ake kiran suna. A Japan mutane kan kira juna da sunan iyali haɗe da san ko kun, na gaba a makaranta ko wurin aiki a ce masa senpai. Komawa ga sunan yanka, ko jefar da ɗafin girmamawa gaba ɗaya, babban mataki ne na kusanci. Marubuci mai wayo yana iya gina babi guda a kan ranar da ta fara kiransa da sunansa. Marubuci mai gaggawa kuwa tun a haɗuwar farko ya sa suna kiran juna "masoyina" da "zumata", ya ƙone makamin da ke hannunsa. Rubuta jerin yadda tauraronka ke kiran kowa a asalin labari, kada ka canza ko ɗaya sai da dalili a cikin labarin. Vegeta bai daina kiran Goku da sunan Kakarot ba duk da shekarun da suka yi tare, to ba ranar da ya kamu da so ne zai koma mai zaƙin baki ba.

Wata 'yar shawara: rage barbaɗa kalmomin Japananci don ado. Kalmar baka, wato wawa, a kowane layi ba ya sa labari ya yi kama da anime, gajiyar da ido kawai yake yi.

Mataki na 4: Tace tsofaffin dabarun da suka gundiri masu karatu

Babu dabarar da take laifi a karan kanta. Maƙiya su koma masoya, ɗaki ɗaya ya rage a masauki, a yi soyayyar ƙarya ta rikiɗe ta zama gaskiya, duk an yi su sau dubu kuma har gobe ana karantawa. Suna zama abin ƙi ne idan sai an karya tauraro kafin su yi aiki. Waɗannan su ne suka fi yin ɓarna.

Narkewar dare ɗaya. Mutum mai sanyin hali, marar magana, ya ga yarinya sau biyu ya zama mai kuka da roƙo. Hali zanen dutse ne, so ba ya goge shi, sai dai ya nuna wani gefensa. Levi na Attack on Titan mutum ne mai tsananin tsabta, mai kaushin baki, mai ɗaukar mutuwar sojojinsa da nauyi ba tare da ya yi ta shela ba. In ya so wani, za ka gani a cikin wa yake bari ya taɓa masa kofin shayi, ba a cikin wasiƙa mai shafi huɗu ba.

Jarumar da aka zare wa laka. A asali tana jagorantar runduna, tana karya ƙashi, tana yanke hukunci. A fanfik ta zama mai tuntuɓe da faɗuwa, kullum ana sace ta, kullum fuskarta na ja. Wannan ya fi kowanne ɓata min rai, domin yana nuna marubucin bai iya hango soyayya ba sai ɗaya ya durƙusa. In kana son a cece ta, ka sa haɗarin ya kai girman da ko ita zai gagare ta, kuma ka bar ta ta yi nata yunƙurin. Ka kuma tambayi kanka yaushe ita za ta cece shi.

Kishi da tilas da aka yi wa kwalliya. Akwai salon da ake kira kabe-don, inda namiji ke dafa bango da ƙarfi ya tsare mace a tsakani. Ya yi tashe a mangar 'yan mata har ya shiga jerin kalmomi goma da suka fi yayi a Japan a 2014. A wurin tauraron da dama can mai iko ne da takura, yana iya dacewa, muddin labarin ya san cewa takura ce. Matsalar ita ce a ɗora shi kan yaro mai kirki da kunya, a wayi gari yana bincika mata waya, yana hana ta gaisawa da abokanta, yana yi mata sumba tana turewa, marubuci kuma yana tafa masa. Idan ta ce a'a, labarin ya ɗauki a'ar da gaske. In kuwa mugun so kake son rubutawa da gangan, irin na yandere, wato wanda so ke kai shi ga cutar da mutane, rubuta shi a matsayin abin tsoro, ka kuma sanar tun a sama.

Ɓata kishiya. Kana son haɗa wasu biyu, amma asalin labari ya ba ɗayansu mata ko saurayi. Hanya mafi sauƙi ita ce a mai da wannan na ukun mugu: mai cin amana, mai ihu, mai makirci. Masu karatu suna ganewa nan take, har waɗanda ke goyon bayan haɗin naka. Akwai hanyoyi masu tsabta. Fara labarin kafin su haɗu. Ko ka bar su su rabu saboda wani saɓani da dama akwai alamarsa a asali, kowa da gaskiyarsa. Ko ka ce a duniyar labarinka ba su taɓa soyayya ba, ka wuce. Rabuwar mutanen kirki biyu ta fi ciwo, kuma ta fi daɗin karatu.

Rashin fahimtar da jimla ɗaya za ta warware. Ta hango shi da wata, ba ta tambaya ba, aka yi babi goma ana gaba, ashe ƙanwarsa ce. Gwajin mai sauƙi ne: wannan tauraruwar, a yadda aka san ta, za ta yi shiru? In mai faɗin abin da ke ranta ce, a minti biyu za ta tare shi. Shiru yana karɓuwa ne kawai idan ya fito daga wani rauni da aka riga aka sani, kamar wanda ya saba ganin duk wanda ya kusance shi ya mutu.

Tsundere, wato mai ɓoye so da faɗa, da ta zama 'yar dambe. Dukan barkwanci yana wucewa a zane saboda fuska ta kumbura ta sabe a daƙiƙa ɗaya. A rubutu babu wannan sassauci, mari mari ne. Rage hannu, ƙara musu da borin kunya.

Sai baƙuwar da ta fi kowa. Sunan da ake kiran irinta da shi, Mary Sue, ya samo asali ne daga wani gajeren labarin shaguɓe da Paula Smith ta rubuta a 1973 a kan fanfik ɗin Star Trek, kuma har yau cutar ba ta warke ba. Ƙirƙirar sabuwar tauraruwa ba laifi ba ne. Alamar matsala ita ce tsofaffin taurari su daina zama kansu idan ta shigo: mai hankali ya zama wawa don ta yi fice, marar yarda da mutane ya ba ta sirrinsa a ranar farko. Ba ta wani a cikin tawagar da bai damu da ita ba sam, ka bar shi a haka har ƙarshe.

Mataki na 5: In zai canza, sa shi ya biya

Tsare hali ba ya nufin tauraro ya daskare. Ana son ya canza, amma a ga sawun tafiyar. Rubuta inda yake a farko da inda kake son ya kai, sannan ka cike tsakanin da aƙalla matakai uku, kowanne da abin da ya jawo shi da abin da ya ci masa. Wanda ba ya neman taimako: da farko an taimake shi ba da izininsa ba, ya ji haushi. Daga baya ya bari an taimaka, bai yi godiya ba. Can gaba ya nema a fakaice. A ƙarshe ya furta. Ka bar shi ya koma baya sau ɗaya a hanya, domin haka mutane suke.

Kada kuma soyayya ta cinye burinsa. Wanda ya rantse zai zama gwarzon duniya ba zai manta da atisaye ba don ya yi budurwa. Mafi daɗin rikici ma a nan yake, inda so da buri suka ja shi gefe biyu.

Idan ka ɗauke su ka kai wata duniya, makaranta ko shagon shayi ko ofis, aikin ya ƙaru. Abin da ya gina halin ya ɓace, dole ka nemo madadinsa. Wanda yaƙi ya mayar marar yarda da kowa yana buƙatar wani dalili mai nauyi a sabuwar duniyar, in ba haka ba ya zama mai baƙin rai kawai.

Mataki na 6: Rubuta furucin da bakinsa

A labaran Japan furta so, kokuhaku, shi ne ƙofar da ake shiga kafin a ce ana tare, don haka masu karatu suna jiran wannan fitowa fiye da kowacce. Nan ne kuma marubuta ke sakin linzami su ba kowa jawabi iri ɗaya. Dubi yadda Arakawa ta yi a ƙarshen labarinta a 2010: a tashar jirgin ƙasa Edward ya nemi Winry, ƙawarsa tun yarinta, da lissafin musayar daidai-wa-daida, ƙa'idar da ya rayu a kanta, rabin rayuwarsa a madadin rabin tata, fuskarsa ta yi ja don kunya, ita kuma ta mayar masa da cewa ai duka za ta bayar, sannan ta rikice ta shiga rage kason. Babu wani tauraro a duniya da zai yi wannan furuci sai shi.

A ce kana da kyaftin marar magana da likitar rundunarsa. Rubutun farko yakan fito haka: "Tun ranar da na fara ganinki zuciyata ba ta huta ba, ba zan iya rayuwa babu ke ba." Goge shi. Koma takardar mataki na biyu, inda ka rubuta cewa ba ya bari kowa ya duba masa rauni. Sai ka gwada:

Ya ajiye takardar sauyin wurin aikinta a kan tebur, bai sa hannu ba.

"Kyaftin, tun jiya take jiranka."

"Na gani."

"To?"

Ya naɗe hannun riga, ya miƙa mata damtsen da ya ɓoye kwana uku. "Ɗinkin ya kwance. Wancan sabon likitan hannunsa na rawa."

"Bai taɓa duba ka ba."

"Ba zai fara ba."

Bai ce komai ba, kuma ya faɗi duka. Ka lura ita ma ba ta narke ba, tana nan da bakinta.

Mataki na 7: Gwaji kafin saki

Ɗauki fitowar da ka fi alfahari da ita, goge sunaye da launin gashi da na ido, ka ba wanda ya san anime ɗin sosai. In ya kasa gane su wane ne, ko ya ce ai wannan zai iya zama kowa, koma mataki na biyu. Ka fi neman mai dubawa wanda ba ya goyon bayan haɗin da ka yi, domin mai goyon baya yana yafe komai muddin sun rungumi juna a ƙarshe. Tambaye shi abu ɗaya takamaimai: nuna min layin da ka ji ba zai faɗa ba.

Bayan haka karanta maganganun da ƙarfi, kana jin muryar mai yi wa tauraron magana a kunnenka. Layin da muryar ta ƙi ɗauka, cire shi ko ka rage masa tsawo. Yawanci rabin jimlar farko ya isa.

Sai alamomi. Archive of Our Own, shafin intanet na fanfik wanda ya buɗe ga jama'a a 2009 har ya ci kyautar Hugo a 2019, ya ginu ne kan tsarin da marubuci ke bayyana haɗin da ke cikin labari, da matakin shekarun masu karatu, da gargaɗi. Wattpad da FanFiction.Net ba su kai shi zurfin tsari ba, amma ko'ina akwai wurin taƙaitaccen bayani. Idan da gangan ka sauya wa wani hali, rubuta OOC a wurin. Idan akwai mugun kishi, ko rabuwar ma'auratan asali, ko sabuwar tauraruwa a tsakiyar labari, faɗa. Rubuta kuma babin manga ko zangon anime da labarinka ya tsaya a kai, don wanda bai kai nan ba ya san akwai abin da za a tona masa.